Moto biyu gare ni da odinatar guda, an ce kamfanina ya kai miliyon goma

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum jama'ar gurup, don Allah ina neman a fahimtar da ni wani abu da ya hana ni barci kwana uku. Wasunku sun san tun da na gama jami'ar André Salifou na fara 'yar sana'ar kai aike, mutum ya turo saƙo ta WhatsApp mu je Kasuwar Dole ko cikin Zango mu sayo mu kai masa har ƙofar gida, dala ɗari kowane aike. Watan Janairu aike 100 muka yi, Fabrairu 118, sai 145, sai 170, sai 210, watan jiya 250, duk suna cikin kaye na rubuta. To wani abokin babana ɗan kasuwa ya ga kayen ya ce zai zuba miliyon biyu na sefa a ba shi kashi 20 cikin ɗari na sana'ar. Da na gaya wa abokina sai ya ce ai ke nan kamfaninka ya kai miliyon goma, kai kuma kana da miliyon takwas. Ni kuwa wallahi moto biyu gare ni, ɗaya ma tsoho ne, da odinatar guda da salula, duk ka haɗa ba su kai miliyon ɗaya da rabi ba. Ina sauran kuɗin suke? Maganar har ta kai kunnen innarmu, jiya da dare ta kira ni ɗaki ta ce in ji tsoron Allah in gaya mata inda na samu miliyon takwas.

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafin abokinka daidai ne amma fassarar ce da gyara. In kashi 20 ya ci miliyon 2, to kashi 100 miliyon 10 ke nan, wannan ko ɗan firamare zai fitar. Amma ba wanda ya ƙirga miliyon 10 ya ajiye a wani wuri. Farashin yanki guda ne aka ninka sau biyar. Kamar mai tsire ne ya sayar da tsinke ɗaya dala arba'in sai ya kalli tiren ya ce tsinke hamsin gare ni, ina da jika goma. Yana da ita in an saye duka a wannan farashi kafin dare, in ba a saye ba nama gare shi.

Elhaji na Dole:
Ni dai shekarata talatin a kasuwa ban taɓa sayen abin da ban gani ba. Shago in za a saye shi ana ƙirga kaya ne, a duba bashin da ake bin sa da wanda yake bi, a ɗan ƙara wani abu saboda wuri da masu saye da suka saba. Moto biyu miliyon goma? Ɗana ka yi hattara, ko dai mutumin nan taimakonka yake son yi saboda babanka, ko kuma bai yi lissafi ba.

Mai Lissafi:
Ranka ya daɗe Elhaji ina ganin ya yi lissafi, kayen ya saya ba moto ba. Bari in buɗe shi a hankali don nan ne maganar take. Daga 100 zuwa 250 cikin wata biyar, wannan ƙari ne na wajen kashi 20 cikin ɗari kowane wata, kuma ƙarin ba kan 100 ta farko yake hawa ba, kan abin da aka samu watan da ya wuce yake hawa, ɗa ya girma shi ma ya haihu. Mutane da yawa in ka ce musu kashi 20 sau wata 12 sai su ce 240, su tara kawai. A'a, ninkawa ake yi, 1.2 sau 1.2 har sau goma sha biyu, yana ba da kusan 8.9. Wato in abin ya ci gaba a haka, baɗi war haka aike 2,230 zai riƙa yi a wata.

Yanzu ƙanena gaya mana, cikin dala ɗarin nan nawa ke saura in ka cire isansi da kuɗin yaran da ke tuƙi da gyara?

Ɗan Garin Malam:
Wajen dala talatin yaya, wato sefa 150. Watan da taya ta fashe ko aka canza sarƙa bai kai haka ba.

Mai Lissafi:
To madalla. 250 sau 150 ya ba da 37,500 a wata, 450,000 a shekara. In sana'ar ta tsaya cik a nan, miliyon 10 ribar shekara 22 ce, babu mai hankalin da zai saya haka, nan Elhaji ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Amma in ta kai aike 2,230, riba ta zama 334,500 a wata, wajen miliyon 4 a shekara, ka ga miliyon 10 ta koma ribar shekara biyu da rabi, araha ke nan. In kuma girman ya sauko zuwa kashi 5 a wata, baɗi aike 450 kawai za ka samu, riba wajen 800,000 a shekara, shekara 12 kafin a kai miliyon 10. Sana'ar nan dai, motocin nan dai, yaran nan dai, amma ƙimarta na tafiya daga sama zuwa ƙasa saboda lamba guda tak, saurin girma. Abin da mai zuba jari ke saye ke nan, yana sayen zatonsa cewa gobe za ta yi kama da wata biyar ɗin da suka wuce.

Hajiya Mai Turare:
Malam wannan abu da kake faɗa mu mata mun san shi ko ba mu san sunansa ba, juya kuɗi muke cewa. Na fara da jika ashirin ina haɗa turaren wuta da humra, in na juya a sati in samu jika guda a kai. Wata ɗiyata ta buga min a salula ta ce inna da ba ki taɓa ribar ba, kullum kina mayar da ita cikin uwar kuɗi, da shekara guda ta ninka sau goma sha biyu da wani abu, jika ashirin ta zama jika ɗari biyu da hamsin. Na ce to ɗiyata wa zai sayi sabulu, wa zai biya kuɗin lakwal, ga biki ga suna. Ribar tamu a tukunya take ƙarewa shi ya sa muke shekara goma a wuri guda. Kuma ko na mayar, matan unguwarmu da na san suna sayen turare ba su fi a ƙirga ba, in na haɗa na jika ɗari biyu wa zan sayar wa?

Mai Lissafi:
Hajiya kin taɓo jijiyar. Abu biyu kika faɗa kuma su ne ke kashe lissafin takarda, cin riba da ƙarewar masu saye. Ku duba na ƙanenmu, in muka bar kashi 20 ɗin ya yi ta tafiya, shekara biyu aike kusan 20,000 a wata, shekara uku 177,000, shekara huɗu sama da miliyon ɗaya da rabi a wata, a garin da mutanensa duka da jarirai ba su kai miliyon ɗaya ba. Ka ga ai dole ya tsaya wani wuri. Tambayar da ya kamata a yi ita ce ina zai tsaya, gida nawa ne a Damagaram za su yarda su biya dala ɗari a kawo musu abin da za su iya aiken yaron gida ya sayo.

'Yar Jami'a:
Don Allah Malam akwai wata dabara da aka koya mana ta lamba 72, ko za ta yi amfani a nan?

Mai Lissafi:
Sosai. Ki raba 72 da saurin girman, abin da ya fito shi ne kusan lokacin da abu zai ninka biyu. Kashi 20 a wata, wajen wata huɗu ya ninka. Kashi 6 a shekara, shekara 12. Har ga yawan jama'a tana aiki, ƙidayar 2001 ta samu mutum wajen miliyon 11 a Nijar, ta 2012 ta samu miliyon 17 da 'yan kai, ƙarin kashi 3.9 a shekara, wato duk shekara 18 zuwa 19 mun ninka. Kashi 3.9 kamar ba komai ba ne a baki, amma ku je ku ga ajin firamare da yara suka cika har taga.

Ɗan Damagaram a Dakar:
Salam, na shigo a makare, rezo ne. Ina so in ƙara wani abu daga nan inda nake. Akwai kamfanin Wave na tura kuɗi ta salula, a nan Senegal kusan kowa na amfani da shi har mai sayar da kifi, kashi 1 cikin ɗari suke cira in ka tura. A watan Satumba 2021 masu zuba jari suka ba su dalar Amurka miliyon 200, aka yi wa kamfanin ƙimar dala miliyar 1.7, sama da miliyar 900 na sefa a canjin lokacin. Irin lissafin Malam ne sak, an sayi yanki aka ninka. Haka Paystack na Legas, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, samari biyu suka kafa, Shola Akinlade da Ezra Olubi, a Oktoba 2020 kamfanin Stripe mai irin wannan aiki ya saye shi sama da dala miliyon 200. Bambancin shi ne na Paystack ciniki ne aka yi aka gama, an sayi kamfanin ɗungurungum, na Wave kuwa ƙima ce. Kuma Facebook ta sayi Instagram dala miliyar 1 a 2012 lokacin ma'aikatansu 13 ne kuma ba su fara samun kuɗin shiga ba, yawan masu shiga kullum shi aka saya.

Elhaji na Dole:
Dalar da kake faɗa ta Amurka ko tamu ta sefa biyar?

Ɗan Damagaram a Dakar:
Ta Amurka baba.

Elhaji na Dole:
To mutum sha uku. Ikon Allah. Amma ɗana kana kawo mana waɗanda suka ci ne, ina waɗanda suka faɗi? Ko a kasuwarmu mai riba ake ji, wanda ya karye shiru yake ya koma ƙauye.

Ɗan Damagaram a Dakar:
Gaskiyarka baba kuma su suka fi yawa. WeWork na Amurka, masu hayar ofisoshi, a farkon 2019 an yi musu ƙimar dala miliyar 47, a Nuwamba 2023 suka je kotu suka ce sun karye. Jumia, masu sayar da kaya ta intanet, da aka shigar kasuwar hannun jari ta New York a Afrilu 2019, hannu guda dala 14.50, cikin 'yan makonni ya haura 40, kafin shekara ta zagayo ya faɗo ƙasa da dala 3. Shagon bai ƙone ba, motocin suna nan, zaton mutane ne ya canza. Shi ya sa in aka ce wane ya fi kowa kuɗi a duniya, yawanci hannun jarinsa aka ninka da farashin ranar. Elon Musk daga Nuwamba 2021 zuwa ƙarshen 2022 dukiyarsa ta ragu da abin da ya kusa dala miliyar 200 saboda farashin hannun jarin Tesla, kamfaninsa na motoci, ya faɗi, alhali ba ɓarawon da ya shiga gidansa. Kuma in irinsu suka ce za su sayar da duka rana guda farashin zai rushe tun kafin su kai rabi, kamar ka kawo raguna dubu kasuwar ƙauye bayan Salla.

Mai Canji:
Ni ta wajen kuɗin zan shigo don aikina ke nan tsakanin nan da Maigatari. In za ku auna girma ku tambaya da wane kuɗi ake aunawa. Kafin Yuni 2023 dalar Amurka wajen naira 460 take a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Wanda cinikinsa ya ninka biyu a naira cikin wannan lokaci yana murna, amma wanda ya zuba masa dala yana ganin kuɗinsa sun koma kashi 60 da ɗan wani abu na abin da suke. Mu sefa ɗaure take da yuro, 655.957, to ta wannan gefen da sauƙi, amma tsadar kaya na nan tana ci ta ƙasa. In kuɗin aike na nan dala ɗari isansi kuma ya hau, dala talatin ɗin nan za ta koma ashirin ba ka ankara ba.

Maman Yara:
Ni dai duk inda na ji ana lissafin kuɗi na ninkawa gabana faɗuwa yake. Shekarun baya wasu suka zo unguwarmu da takardu masu kyau suka ce ka zuba a ba ka kashi 30 kowane wata, na sayar da akuyoyina huɗu, jajaye, biyu da ciki, na zuba. Wata biyu sun biya, na uku muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Har yau in na wuce garken maƙwabciyata sai na kawar da kai don tare muka fara kiwon, nata yanzu sun fi goma sha biyar. Don Allah ɗana ka tabbata ba irin wannan ba ce.

Mai Lissafi:
Allah ya mayar miki da alheri Maman Yara. Kashi 30 a wata yana nufin kuɗi su ninka sau 23 a shekara, babu halastacciyar sana'ar da za ta yi wa kowa wannan alkawari. Irin alkawarin da MMM ta yi a Najeriya ke nan, kashi 30 a wata, a Disamba 2016 ta rufe asusun mutane. Kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga. Na ƙanenmu daban ne, akwai aiki na gaske, akwai mai biyan dala ɗari don an kawo masa tumatir da albasa, kuma ba a yi wa mai jari alkawarin ko tamma ba. In an yi masa alkawari to magana ta canza.

Malam na Birni:
Nan nake son in sa baki. Ɗana ka zauna da mutumin nan ku fayyace abu guda tun kafin kuɗi su shiga hannunka, shin shi abokin tarayya ne ko mai ba da bashi. In ya sayi kashi 20 to riba tasa ce gwargwadon kasonsa, hasara ma haka, in sana'a ta mutu ba ya bin ka komai matuƙar ba sakaci ko ha'inci ka yi ba. Amma in a ransa yana cewa ko ta ci ko ta faɗi miliyon biyuna za su dawo da ƙari, wannan bashi ne da ya jawo amfani, riba ce irin wadda aka haramta ko da an sa mata sunan hannun jari. Da yawan rigimar da ake kawo mana daga nan take tashi, ɗaya na ganin ya shiga tarayya ɗaya na ganin ya ba da rance, ba takarda ba shaidu. Aya mafi tsawo a Alkur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

'Yar Jami'a:
Allah ya gafarta Malam, to zakka fa? Zai fitar a kan miliyon takwas ɗin?

Malam na Birni:
Motocin da ake aiki da su ba kayan sayarwa ba ne, ba a yi musu zakka, kamar keken tela. Kuɗin da ke hannu in sun kai nisabi shekara ta zagayo a fitar da ɗaya cikin arba'in. Shi kuwa kason da ake riƙe da shi don a sayar in ya yi daraja, malamanmu na Malikiyya sun raba tsakanin ɗan kasuwa mai juya kaya kullum da mai ajiyewa yana jiran farashi, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Wannan sai ya zo da kayensa mu zauna, ba a yanke shi a gurup.

Ɗan Garin Malam:
In sha Allah zan zo Malam. Yaya Mai Lissafi saura abu guda, abokina ya ce in wani ya sake zuba kuɗi nan gaba kasona zai ragu, to ba hasara na yi ba ke nan?

Mai Lissafi:
Kaso zai ragu, amma duba abin da ake rabawa. Yau kafin kuɗin su shiga an ƙimanta ka miliyon 8, da miliyon 2 suka shiga ta zama 10, kai 80 shi 20. Kuma ka lura miliyon biyun na sana'a ne, moto za a saya da su, ba aljihunka za su shiga ba, wannan ma ka gaya wa inna. A ce baɗi kana son buɗewa a Maradi wani ya kawo miliyon 10 a ba shi kashi 25, ƙima ta zama miliyon 40. Kai ka sauko 60, abokin baba ya sauko 15, amma 60 ɗinka miliyon 24 ce a takarda, nasa 15 miliyon 6. In kuwa girma ya tsaya kuɗi suka ƙare ka je neman jari a matse, mai kawo miliyon 2 zai iya cewa sai an ba shi rabi, ka ga ƙima ta faɗo miliyon 4 kuma ragamar ta fita hannunka. Kuma ni abin da ya fi damuna a kayenka ba a taɓa shi ba, cikin 250 ɗin nan mutum nawa ne suka dawo karo na biyu da na uku? In sababbi ne kullum suna gwadawa su tafi, kana ɗiban ruwa da kwando ne. Sannan watannin nan akwai zafi mai tsanani a ciki, mutane ba sa son fita rana, ka jira ka ga lambar damina.

Ɗan Damagaram a Dakar:
Kuma ka yi rajista, yanzu a doka babu kamfanin da za a raba kashi 20 ɗinsa. Ka je Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, ka buɗe SARL, wato kamfanin da kowa ke da kasonsa a rubuce, a ba ka RCCM da NIF, lambar rajistar kasuwanci da ta haraji, a rubuta kason kowa da wanda ke da ikon sa hannu da yadda za a yi in ɗaya na son fita.

Elhaji na Dole:
Har yanzu ni miliyon goman nan ba ta zauna min ba, amma na gane abin da mutumin ya gani. Mu ma in yaro na da hannun ciniki mukan ba shi kaya bashi fiye da ƙarfinsa saboda mun ga inda ya dosa. Ɗana in za ka je wajensa ka tafi da babanka ko kawunka, kada ka je kai kaɗai, kunya za ta hana ka tambayar abin da ya kamata.

Ɗan Garin Malam:
Na gode iyayena da yayyena. Yanzu na zauna na ƙirga daga kayen, cikin 250 na watan jiya gida 41 ne suka yi aike 160, yawancinsu matan da ke aiki a ofis da masu jego da gidajen da maigida ke tafiya, sauran 90 ɗin sau ɗaya-ɗaya ne. Na karanta wa inna bayanin tsiren ta ce to yanzu hankalinta ya kwanta. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu je da kawu.

Mai Lissafi:
Gida 41 ɗin nan su za ka nuna masa kafin komai. Ka fitar min da irin wannan ƙirga ta kowane wata tun daga Janairu, gida nawa suka dawo, ka turo min ta gefe yau da dare mu ga ko su ma suna ƙaruwa da kashi 20 ko kuwa a'a.